Randunan Bahago

Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1978, aka fara zaluntar mijin Malama Lubabatu. Ta karantar da 'yan mata shekara talatin har ta yi ritaya, kuma ba ta manta kwanan wata.

Matoyar tukwanen gidansu da ke unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki, kakanta ne ya kafa ta. Doka ɗaya gare ta: ba a buɗewa sai ta huce kwana biyu. Ranar nan Yaya Na'ibi ya buɗe da zafinta don alhazai na jiran kaya, randuna sittin suka tsattsage. Da mahaifinsu, Alhaji Jaji, ya iso, sai Na'ibi ya nuna Adamou, angon Lubabatu, mutumin Nijar.

"Abba, wannan bahagon ne! Hannun hagu ba ya albarka!"

Alhaji ya dubi Lubabatu. "Halas, magana ta ƙare! Ko ya sake ki, ko ki bi shi."

"Abba, a gabana Yaya ya buɗe..."

"Rufe min baki!"

Ta bi mijinta unguwar Madain Fahd tana kuka. Ko suna ba a sake gaya mata ba.

Bayan shekara biyu hannun Alhaji ya fara rawa, Na'ibi kuwa ko kasko bai iya ginawa ba. Adamou ya riƙa gina randuna a tsakar gida bayan ya tashi daga dakon tashar jirgi, Na'ibi na aiko mota, a gasa, a buga hatimin Jaji.

"Me ya sa kake yi musu?" ta tambaye shi.

"Luba, matoyar kakanki ce. In ta mutu, ke za ki yi kuka."

A 2009 Na'ibi ya kafa allon tarihin matoya: kaka, uba, shi. Babu Adamou, wanda a lokacin shanyewar jiki ta riga ta cinye masa hannun. Ranar buɗe allon, wani baƙo ɗan Japan, wanda gidansu ma maginan tukwane ne, ya zura hannu cikin randa ya shafa sawun yatsu. Mai yi masa tafinta ya ce, "Yana son gaisawa da bahagon da ya gina waɗannan."

Lubabatu ta miƙe, ta gyara tabarau.

"Yana gida, a kan keken guragu. Haƙurinsa ne ya raya wurin nan, yau kuma yumɓu ya ba da shaida, don Allah ba ya barin haƙƙin mai haƙuri."

Na'ibi ya ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, mu yi magana a cikin gida..."

"A cikin gida? A bainar jama'a ka ɓata shi, Yaya. Shekara talatin da ɗaya! Abba ya rasu yana ƙin mutumin da ke ciyar da shi. Ba gado nake nema ba. Juma'a bayan la'asar zan turo shi nan. Ka sa sunansa a allon, da "ou" ɗinsa, kada ka rage harafi. Sannan ka tsaya gaban mutanen nan ka ce: ni na buɗe matoya, Adamou ka yafe min."