Ɓacewar Babur ɗin Malam Yari

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan rantsar da gwamnatin farar hula a 1999, da la'asar, Insfekta Sammani Abbas yana zaune a ofis ya ji hayaniya a bakin kantar caji ofis.

Matasan Rafindaɗi ne suka taso ƙeyar wani mutum, rigarsa a yage, leɓensa a fashe. A bayansu wani dogon dattijo yana ta faɗin, "Ku daina bugunshi! Ni ban ce ku buge shi ba!"

Kofur ya kora matasan waje. Insfekta ya miƙa wa dattijon kujera, suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da damina.

"Sunana Yari, malamin gona nake kafin in yi ritaya. Babur ɗina aka ɗauke daga zaure muna masallaci."

"Wane iri ne, Baba?"

"Honda, ja, tun na zamanin ƙarin albashin Udoji."

"Yana tashi?"

Malam Yari ya sunkuyar da kai. "Ya fi shekara goma bai tashi ba. Amma nawa ne. Kullum da safe sai na goge shi."

Wanda aka kama sunansa Jamilu, ɗan kabu-kabu ne daga wani ƙauye bayan Batagarawa. Yana haya da matarsa a gidan da ke jikin na Malam Yari. Matasan sun ce ba su gan shi a masallaci ba, shi ya sa suka zarge shi.

"Ina kake lokacin sallah?" in ji Insfekta.

"Masallaci, Yallaɓai."

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

Jamilu ya ƙura wa ƙasa ido.

Insfekta ya san ƙarya ce. Sai dai ya lura mutumin ba ya roƙo, ba ya rantse-rantse, dattijon kawai yake satar kallo da tausayi. Ya sa aka wanke masa ciwon, ya ba da belinsa ga shugaban 'yan kabu-kabu.

Washegari da hantsi Insfekta ya isa gidan Malam Yari. Zauren ƙasa ne mai sanyi. A kusurwa ga shatin da tayoyi suka bari, ga baƙin mai ya daɗe da bushewa. A ƙofar gida kuma sawun amalanke.

Can gefe wata kaza tana kwance cikin tsohon kwando. Da ya matsa ta taso masa, ya ga ƙwai a jere kan tsumma.

"Nan take kwanci dama?"

"A'a," in ji Malam Yari. "Ƙarƙashin babur ɗin take yi."

"To wa ya kwashe mata ƙwan?"

Malam Yari bai sani ba. Aka yi wa Insfekta iso ya shiga ciki. Matar gidan, Inna Tani, tana zaune bakin murhu tana tsince wake.

"Inna, ba ki ji motsi ba jiya?"

"Ni kau ban ji komi ba, ɗana. Ina daka."

"Ranar Juma'a da azahar?"

"To, ko barci nake. Tsufa."

Insfekta ya nemi takardun babur da makulli. Malam Yari ya shiga ɗakinsa ya fito da takardun, fuskarsa a sauye. Makullin da ke rataye a ƙusa bayan ƙofa babu shi.

Insfekta ya dubi Inna Tani. Ita kuwa waken ta duba.

Da ya fito, ya tarar mai gidan hayar Jamilu yana tsaye yana faɗa. Ya ce ba zai zauna da ɓarawo ba, su tattara su bar masa gida. Matar Jamilu tana rakuɓe da jaririya a hannu. Tun jiya babu wanda ya yarda ya hau bayan mijinta a unguwar.

"Alhaji, kada a taɓa masu ko cokali sai na gama bincike," in ji Insfekta. Sannan ya ja Jamilu gefe. "Ka ga wanda ya ɗauka. Ƙila ma ka kama masu. Wa kake karewa?"

Idon Jamilu ya kawo ruwa. "Yallaɓai, da matata ta haihu ba mu da kowa a garin nan. Akwai wadda ta yi mata wankan jego, ta ciyar da mu. In ta ce in yi shiru, sai in yi."



Ranar Litinin Insfekta ya bi layin masu sayar da kayan gyaran babura. Bai tambayi wanda ya kawo tsohuwar Honda ba, ya san babu mai sayenta. Wanda yake neman kayanta ya tambaya.

A shago na kusa da ƙarshe wani mai suna Mubarak ya yi dariya. "Ai Baba Audu Makaniki ne, na Ƙofar Marusa. Tun kafin zaɓe yake damuna. Fistin da ringi sai daga Kano na samo mashi, kafireta kuma a wurin 'yan gwangwan. Na ce Baba, wa ke hawan wannan yanzu? Ya ce in yi harkar gabana."

Mai unguwar Rafindaɗi ne ya cika masa sauran labarin. Yari da Audu tare suka tashi, tare aka yi masu kaciya. Ranar da aka sayo babur ɗin Audu ne ya tuƙo shi, kuma shi kaɗai ke taɓa injinsa. A zaɓen 1983 kowa ya bi jam'iyyarsa, aka yi baƙar magana a bakin rumfar zaɓe, daga nan ko gaisuwa babu. Da injin ya buga, wasu makanikai suka jagwalgwala shi, Malam Yari ya tura shi zaure ya ce gara ya ruɓe da ya kai wa Audu.

Insfekta ya sami Baba Audu a ƙofar gida kan tabarma, gajere mai kaurin tabarau, sanye da farar riga tas.

"Baba, an ce kana sayen kayan Honda."

"Ni? Na bar sana'a, Yallaɓai. Ido ya ƙi. Yanzu sai carbi."

Ya ɗaga carbin don ya nuna. Ƙarƙashin kowane farce baƙin mai ne, a babban yatsansa kuma sabon yanka. Ƙamshin fetur yana fitowa daga zaure.

Insfekta ya zauna gefen tabarmar. "Shi ke nan. Dama wani yaron kirki ne aka fasa wa baki a kan babur ɗin Malam Yari. Ana shirin korarsa daga gida da mai jego."

Carbin ya faɗi daga hannun Baba Audu.

"Jamilu? Innalillahi! Tani ba ta aiko mani ba! Shi fa ɗagawa kawai ya taya ni." Ya miƙe da sauri har yana tuntuɓe. "Ni ne, Yallaɓai. Ni na ɗauka. Taho ka gani."

A tsakar gida, ƙarƙashin rumfa, babur ɗin yana tsaye. An wanke tsatsar tanki, an sa sababbin tayoyi, salansa tana ƙyalli. Sarƙa ce kawai a ƙasa cikin kwanon kananzir, da wayar birki a rataye.

Insfekta ya aika kofur ya zo da Malam Yari da Inna Tani da Jamilu, har da mai gidan haya.

Malam Yari ya shigo, ya ga babur, ya ga Audu, ya tsaya cak.

"Kai ne?"

"Ni ne."

"Wa ya ba ka makulli?"

"Ni na ba shi, Malam," in ji Inna Tani daga bayansa. "Na gaji da ganinka kana goge abin da ba ya motsi. Gonarka ta Batagarawa rabonka da ita tun yaushe? Ka zauna a zaure kana ƙarewa kai da ƙarfe. Da na ga abin da ya sami yaron nan kuma tsoro ya kama ni, na rasa bakin magana. Ko barci ban iya."

Baba Audu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Yari, waɗanda muka yi faɗa dominsu, ran nan na gan su a talabijin jam'iyyarsu ɗaya, suna rungumar juna. Ni da kai muna nan muna riƙo. In na zo na ce ka ba ni, ba za ka ba ni ba. Shi ya sa na sata."

 Malam Yari ya juya wurin Jamilu, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ɗana, a ƙofar gidana aka buge ka, a kan kayana. Ka yafe mani. Yau bayan magariba zan tashi a masallaci in faɗa wa kowa."

"Ba komi, Baba," in ji Jamilu.

Mai gidan haya ya shiga sosa ƙeya yana cewa shi dama bai yarda da zancen ba.

Malam Yari ya zagaya babur ɗin a hankali. Ya taɓa tanki, ya leƙa injin, ya tsuke baki.

"Fulogin nan ba irin nashi ba ne."

"Irin nashi sun ƙare a duniya. Riƙe mani sifana, ka daina surutu."

Ya riƙe. Tsofaffin biyu suka durƙusa, ɗaya yana jan sarƙa, ɗaya yana ɗaure noti, suna gardama kan yadda za a saita birki. Jamilu ya zuba mai. Insfekta ya sami turmi ya zauna, ya cire hularsa.

Bugun farko babur ya yi tari. Na biyu ya yi shiru. Baba Audu ya murɗa wani ɗan sukurun kafireta ya ce a sake. Malam Yari ya yi bisimilla ya taka.

Injin ya kama, ya tofar da hayaƙi, sannan ya daidaita. Inna Tani ta rufe fuska da mayafi.

Jamilu ya fita da shi ya zaga layi, ya gwada birki da hon da fitila, ya dawo yana murmushi da fasasshen leɓensa.

Insfekta ya miƙe ya mayar da hula. "To. An kawo ƙara, an sami kaya, mai laifi ya amsa. Dole in kai shi caji ofis. In mai kaya zai janye, a can zai janye. Sai dai motarmu ba mai."

Malam Yari ya tattare babbar rigarsa ya hau. Ya dubi Baba Audu ta gefen ido.

"Hau, ɓarawo."

Baba Audu ya hau, ya riƙe kafaɗarsa. Insfekta ya hau bayan Jamilu a babur ɗinsa na kabu-kabu suka bi su.

Har suka sha kwanar Ƙofar Marusa ana jin muryar wanda ake tuhuma daga baya: "A hankali da kulocin nan, Yari! Tun kana saurayi ba ka iya sakinshi ba!"