Geron Wata Yarinya

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wata marainiya mai yawan tambaya. Kullum in kakarta za ta daka gero, sai ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta zuba a tulu.

"Kaka, na wa ne?"

"Na wata yarinya ne."

Ta bi gida-gida, ko'ina tulu, ko'ina amsa ɗaya. Ranar kasuwa ta ga an sayar da geron, an sayo wa marayu mata littattafai, irin nata sak.

Da kaka ta kwanta ciwo, geronsu bai cika kwano ba. Yarinyar ta dubi turmi, ta dubi tulu, ta ɗebi cikin tafi ɗaya.

"Na wa ne?" in ji kaka.

"Na wata yarinya ne."