Katakon Falon Alhaji Bappa

Da Alhaji Bappa, dillalin shanu, ya dawo Enugu daga fatauci a Arewa, ya buɗe falonsa na unguwar Obiagu sai ya ga sararin sama ta cikin rufi. An ɓalle kwano ɗaya, damina ta yi abin da ta saba. Katakon maɗacin da ya shimfiɗa a ƙasa, wanda ya saya a gidan wani Bature mai haɗa kayan komawa gida, duk ya kumbura ya lanƙwashe.

Kafin azahar ya gama bincike, ya yanke hukunci, ya kuma sanar da kasuwar Ogbete cewa Andrawus kafinta ne ya ɓalle kwanon don ya samar wa kansa aiki. Daga baya ya tuna da 'yan sanda.

Washegari Saja Dogara ya tarar da Andrawus a tsakar gidan Alhaji. An tilasta masa ciro katakon, yana jera su a inuwa su sha iska.

"Kai ka buga rufin nan?"

"Ni ne, Oga, bara. Tun jiya ba wanda ya kira ni aiki. In aka rufe ni kuma, na gama a garin nan."

Dogara ya hau tsani. Ba a zare ƙusoshin ba, sara aka yi aka yage kwanon. Mai hamar cire ƙusa ba zai wahalar da kansa haka ba.

Makullin falon yana hannun Indo, matar Alhaji. Ta bayan labule ta amsa.

"Ni ban taɓa shiga ba. Alhaji ya ce ƙafarmu na ɓata masa katako."

"Wa kika taɓa ba makullin?"

Indo ta ƙara jan labulen.

"Saja, kama kafintan kawai!" in ji Alhaji. "Kai, Manu, kore dabbobin nan!"

Manu ƙanin Indo ne, mahauci. Yana ta korar awakin gidan daga kan katakon, suna dawowa. Dogara ya tsaya kallonsu. Ba kowane katako suke so ba. Wasu kaɗan suke lasa, har suna ture juna.

"Andrawus, waɗannan daga ina ka ciro su?"

"Daga ƙuryar gabas, Oga. Nesa da inda ya yi yoyo."

Dogara ya dangwala yatsa a kan katakon, ya kai bakinsa.

"Alhaji, tun yaushe ake ruwan sama da gishiri a Enugu?"

Ya juya ga Manu. "A Arewa rana ke busar muku da fata. A nan da damina fa?"

"Gishiri muke zuba mata," Manu ya faɗa a hankali.

Dogara ya ce, "Sai a jibge ta a ɗaki mai rufi, wanda mai shi ya yi tafiya. Fata ta tsatso ruwa, katako ya sha. Ka ji Alhaji na hanya, ka kwashe kayanka, tabo ya ƙi fita. Sai ka ɗauki barandaminka ka hau sama, don damina ta ɗauki laifin."

Manu ya durƙusa gaban Alhaji. "Yaya, wallahi na ɗauka zai bushe."

Bayan labule aka fara kuka. Alhaji ya dubi labulen, ya dubi surukinsa, ya yi gyaran murya.

"Saja, a bar maganar. Ƙaddara ce. Iska ce ta ɗage kwanon."

"To, madalla. Iska ba ta zuwa kotu." Dogara ya gyara hularsa. "Amma ƙarar ɓata suna tana zuwa, in Andrawus ya shigar."

Andrawus ya dubi katakon. Wannan falon shi ne kaɗai aikin da ya rage masa.

"Ba na son kotu, Oga," ya ce. "Alhaji dai ya faɗa a gaban mutane cewa ba ni ba ne."

"Gobe, in Allah ya kai mu," in ji Alhaji.

"Kasuwa ba ta tashi ba tukuna," in ji Dogara. "Sa takalmanka, Alhaji. Ni ma can na nufa."