Shuɗin Gilia a Kumatun Araceli

"Wannan shuɗin fa a kumatunki, Araceli?"

Mahaifiyarta, Doña Ofelia, ta kamo haɓarta ta juya ta wajen haske.

A duk kwarin nan fure ɗaya ne garin cikinsa yake shuɗi: gilia, ɗan ƙarami mai kunnuwa biyar da rawayan maƙogwaro. Ya lulluɓe tudun bayan gonarsu, inda Efraín, ɗan ci-rani daga jihar Oaxaca, yake aikin tara iri.

"Mama... aurena zai yi."

"Da me? Da buhun ciyawa? Shi da furen nasa duk ɗaya ne, ruwa na ɗaukewa za ki neme su ki rasa!"

Daga ranar aka karɓe wayarta, aka hana ta fita. Araceli ta kama hannun Yesenia, ɗiyar kawunta, tana kuka.

"Don Allah ki ce masa ya jira ni. Ko shekara nawa ne!"

"Haba 'yar'uwa, share hawayenki. An gama."

Ashe ita ma Yesenia ta daɗe da matowa a kan Efraín.

Ruwa ya ɗauke. Gilia ta zubar da iri ta bushe, don ba ta wuce kaka ɗaya. Efraín bai ko yi sallama ba, ya bi masu kashe gobarar daji zuwa arewa. Araceli ta rame, kullum tana tambayar kanta laifin me ta yi masa.

A watan Agusta wuta ta rutsa da shi.

Bayan addu'ar da aka yi masa a coci, Yesenia ta zube a gaban Araceli.

"Ki yafe mini... Ce masa na yi kin amince da ɗan mai gonar inabi. Na zaci zai juyo gare ni. Ko kallona bai yi ba!"

Araceli ta dube ta.

"Ya yarda?"

Yesenia ta gyaɗa kai.

"Me ya ce?"

"Ya ce... 'Ki gaya wa sanyin idona ban yi fushi ba. Ta ji daɗi kawai.'"

Doña Ofelia ta matso, idanunta jajir, ta miƙo hannu.

"'Yata..."

Araceli ba ta ture ta ba, ba ta kuma rungume ta ba.

"Mama, har ya mutu bai san ina jiransa ba."