Tokar Baba Tijani

Wata uku ina bin Baba Tijani, tsohon da masu gidajen haya a Kumasi ke kira ya duba musu ko akwai aljanu a gida, amma ban da ɗaukar buhun toka bai koya mini komai ba. Ran Laraba na ce masa na gaji.

Bayan isha'i ya same ni a ƙofar wani tsohon gida a unguwar Akwatialine, wanda 'yan haya suka watse suka bari.

"Nusrat, barbaɗa tokar a zaure," ya ce, muryarsa kamar daga cikin tulu. "Fuska tana ƙarya, toka ba ta yi. Ɗan Adam in ya taka, dole ya bar sawu."

Na barbaɗa, muka ratsa tare. Ciki sai warin danshi, ko kukan gyare babu. Na kunna fitilar wayata.

"Baba, me zan duba?"

"Juya ki ƙirga."

Na haska tokar. Sawun silifas ɗina ne kaɗai.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyata.

"Madalla, kin iya," ya ce. "Saura ki koyi fita."