Kayan Hawan Bubayero

A shekara ta ashirin da bakwai ta sarautar Sarkin Fulani Muhyiddeen na Kafin Nata'ala, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ana tsakiyar marka, Allah ya karɓi ran sarkin. Ya bar mutum biyu da ake kallo: ƙanensa Bubayero, wanda ya tsufa a bayan shanu, da babban ɗansa Maharazu, wanda ya yi aikin ofis a Dutse. Bayan sadakar bakwai, Hakimi ya aiko cewa ran Alhamis ta sama su biyun su zo gabansa, ya ga wanda zai kai sunansa fada.

Bubayero ya kai bijimai biyu kasuwar Ringim ya sayar, da niyyar ya sayo alkyabba da rawani da jalala mai ado ta rufe sirdi, don kada ya shiga gaban Hakimi kamar wanda ya fito daga ruga. Kafin ya tashi zuwa Kano, Shamaki Sale, dattijon da ke kula da dawakin gidan tun zamanin mahaifinsu, ya ja shi barga. Ya ɗauko majayin da ake ɗaure sirdi da shi, ya ja da hannu ɗaya, fatar ta tsinke.

"Ranka ya daɗe, na dawakin nan duka shida haka suke," in ji Shamaki. "Ga shi jiya an kore garke a ƙasar Taura. Ɓarayin nan sun san gidan nan ba sarki."

"Shamaki, in na je da wannan rigar, wa zai dube ni?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Na dai san in aka yi ihu, dokin da za a hau babu."

Bubayero ya daɗe tsaye da guntun fatar a hannunsa. Yana son sarautar, bai taɓa ɓoye wa kansa ba. Amma abin da ke aljihunsa ba zai ɗauki kayan ado da kayan hawa duka biyun ba. Ya aika aka kira dukawa, masu aikin fata. Kwana huɗu suna ɗinki a zaure: majayi, da linzami, da igiyar likkafa, da takalman hawa masu kauri. Ko zaren ado ɗaya bai yarda an saka ba. Maharazu kuwa ya dawo daga Kano da alkyabba fara mai aikin zinariya, mata suna leƙe ta kan katanga.

Ran Talata da hantsi aka yi ihun. An kore shanun gari ɗari da ashirin, an kashe makiyayi ɗaya. Fadama ta cika, mota ba ta shiga. Bubayero ya hau da mutum biyar, har da Shamaki. Suka bi sawu yini guda da rabi, suka cim ma ɓarayin a mashigin kogi, rabin garken na cikin ruwa. Masu ba da labari sun ce a harbi na biyu aka sami Bubayero a cinya. Dokinsa ya tashi tsaye, ya afka cikin ruwa, amma sirdi bai juya ba, ƙafarsa ba ta bar likkafa ba. Ya fito a ɗaya gaɓar da takobi a hannu. Da ɓarayin suka ga wanda suka harba yana nan bisa doki, suka watse cikin ciyawa.

Ran Alhamis da safe yana kwance a wata ruga, jini ya ƙi tsayawa, sai ga Maharazu bisa doki cikin farar alkyabbarsa. Ya sauka, ya durƙusa.

"Baffa, sannu. Ka fitar da mu kunya. Bari in wuce da shanun, in gaya wa Hakimi abin da ka yi."

Shamaki ya yi gyaran murya, amma Bubayero ya ɗaga masa hannu. "Ɗan yayana ne. Je ka, Maharazu. Ka ce ina gaisuwa."

Haka Maharazu ya shiga garin Hakimi a gaban shanu ɗari da goma sha ɗaya, jama'a na kabbara. Da Hakimi ya tambaye shi yadda aka yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Allah ne ya taimake mu." Bai yi ƙarya ba, bai kuma ambaci sunan kowa ba. Da aka tambaye shi ina Bubayero, ya ce baffansa ba ya jin daɗi. Ranar aka tura sunan Maharazu fada.

A asibiti aka yanke ƙafar Bubayero daga gwiwa. Kafin ya fito an riga an yi naɗi. Gaskiya ta fito daga baya, har ta kai kunnen Hakimi, amma aka ce mai ƙafa ɗaya ba ya zagaya ƙasa, rawani kuma in ya hau kai ba a kwance shi don wannan.

Shamaki ya ce wa Bubayero kada ya je mubaya'a. Ya je. Ya shiga zauren da aka haife shi a bayansa yana dogara sanda biyu, ya zube ƙasa gaban ɗan yayansa ya ce, "Ran sarki ya daɗe." Maharazu bai iya haɗa ido da shi ba. Daga nan Bubayero ya koma Takur wajen ƴarsa Bilkisu, ya rasu bayan damina biyu.

Maharazu ya yi sarauta, kuma ba a ce ya zalunci kowa ba. Abin da dattawan Kafin Nata'ala ke faɗa shi ne, mulki na Allah ne, ba ya tambayar wanda ya zub da jini kafin ya sauka. Sai dai har sarkin ya tsufa, duk ranar da ya ratsa kasuwar shanu, makiyaya sukan gaishe shi a tsaye, sandunansu a kafaɗa, ba wanda ke durƙusawa.