Lambar da Na Gani a Wayar Gwaggo

"Auta, wannan rigar sanyin ta waye?"

Ina zuba mata shayi ne, na waiga da sauri har ruwan zafi ya ɗiga a kan takarduna. Gwaggo ta ɗago rigar daga bayan ƙofa da yatsu biyu, kamar wadda ta kama ɓera.

"Ta... ta maƙwabciyata ce, Gwaggo."

"Maƙwabciyar taki jikar samudawa ce?"

"Doguwa ce sosai."

"Allah ya ƙara mata tsayi," ta ce, ta mayar da rigar inda take.

Gwaggo ƙanwar Baba ce. Shekara talatin ta yi tana aikin jinya, kuma duk gidanmu an san ba a yi mata ƙaryar ciwon ciki. Kwananta biyu ke nan a ɗan ɗakina na hawa na huɗu, wai ta zo ganin gari da ganin 'yarta mai karatun digiri na uku. Matar da ko unguwa ba ta son zuwa saboda ciwon gwiwa, ita ce ta yi awa takwas a jirgin sama don yawon buɗe ido? Ban yarda ba. Na ga yadda take ƙirga kofunan da ke kan kanta, da yadda take kasa kunne duk sanda wayata ta yi ƙara.

Rigar kuwa ta Dogo ce. Injiniya ne ɗan ƙasarmu, shi ke gyara na'urorin ɗakin gwaje-gwajen da nake binciken ruwan sha. Ranar da aka yi ruwan sama ya yafa mini ita a tashar mota, ni kuma na ƙi mayarwa saboda ƙamshinsa. Shekara guda muna tare, babu wanda ya sani a gida.

Lokacin da zan taho, yayyena maza uku sun tsaya kai da fata, wai ba a tura 'ya mace ita kaɗai wata ƙasa. Baba ne ya tsaya mini, shi da ya rene ni tun rasuwar Mama. Abu ɗaya ya roƙe ni: in kammala karatu kafin in saurari kowa. Na yi masa alkawari ina kuka. Idan labarin Dogo ya isa gida, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba.

Washegari na tare Dogo a bayan babban firjin ɗakin gwaje-gwaje.

"Sati biyu kar ka kira ni, kar ka zo inda nake. Ina jin an turo ta leƙen asiri ne."

"To, Dakta. Yadda kika ce."

"To kawai?"

"Me kike so in ce, abar ƙaunata?"

Mutumin da in na yi awa uku ban amsa saƙonsa ba sai ya hau kumbura, yau shi ne da "to" babu gardama? Har da ɗan murmushi yana ɗaure wayar wata na'ura. Na fita zuciyata na saƙe-saƙe.

A sati na biyu aka gayyace ni gabatar da bincikena a wani taro, a wani gari na bakin teku. Gwaggo ta ce ƙafata ƙafarta.

"Tafiyar awa biyar ce a jirgin ƙasa fa. Gwiwarki..."

"Gwiwar tawa ce ko taki?"

Muka shiga jirgi da sassafe. Ta zauna ta jikin taga tana yi wa komai sharhi: shanunsu sun fi mutanensu ƙiba, gidajensu kamar an jera kwalayen ashana. Na fara sakin jiki har ina dariya. Can ta miƙe za ta bayi, ta bar wayarta a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu.

Wayar ta yi haske. Wallahi ba da niyya na duba ba.

Babu suna, lamba ce kawai. Amma lambar da zan iya karantowa ko cikin barci ce. Saƙon ya ce: "Na iso, Gwaggo. Ƙarfe huɗu in sha Allah. Ba ta san komai ba."

Na sake karanta saƙon. Dogo? Yaushe ya san Gwaggo? Me ake ƙullawa a bayana? Ko dama tun farko yayyena ne suka haɗa shi da ni don su gwada ni, su samu abin nuna wa Baba? Na tuna yadda yake yawan tambayata labarin gidanmu, sunan unguwarmu, aikin Baba. Ni kuwa sakarya ina zuba kamar kanya!

Gwaggo ta dawo, ta kalli wayar, ta kalle ni.

"Lafiya kika yi fari haka?"

"Jiri nake ji."

"Jiri," ta maimaita, ta jefa wayar a jaka.

Ban san abin da na faɗa a wajen taron ba. Na dai ga ana tafi, wani farfesa mai farin gashi ya yi mini tambaya biyu na amsa. Ƙarfe uku da rabi na koma masauki, na tarar Gwaggo ta yafa mayafinta mai kyau.

"Zan ɗan taka in sayo maganin ɗigawa a ido."

"Bari in raka ki."

"Ke da jiri? Kwanta abinki."

Tana fita na bi bayanta. Ta wuce kantin magani na farko ko kallonsa ba ta yi ba, ta wuce na biyu. Ta gangara titin da ke bin gaɓar teku, iska na kaɗa mayafinta, tana tafiya garau kamar ba ita ce mai gwiwa ba. Ta shiga wani ɗan shagon shayi mai gilashi. Ta cikin gilashin na hango shi ya miƙe tsam, ya rusuna har kansa ya kusa taɓa tebur, ya ja mata kujera.

Na tura ƙofar da ƙarfi har ƙararrawarta ta firgita mai shagon.

"Sannunku da sayen maganin ido!"

Dogo ya daskare. "Dakta..."

"Kar ka Dakta ni! Tun yaushe kake kai rahotona? Su Yaya ne suka sa ka?"

"Su Yaya? Wallahi ko muryarsu ban..."

"Na ga saƙonka! 'Ba ta san komai ba.' Na gode, yanzu na sani!"

"Auta," Gwaggo ta ce a hankali. "Zauna. Mutane na kallonmu."

Na zauna, hawaye na zuba. Ta tura mini kofin ruwa.

"Yaron nan wata huɗu da suka wuce ya tura kawunsa wajen babanki. Neman aurenki yake."

Na juya na kalle shi. Ya sunkuyar da kai.

"Sau uku ina roƙonki ki bar ni in je gida," ya ce. "Kullum sai ki ce sai kin gama. Ni kuma na gaji da son 'yar mutane a ɓoye kamar ɓarawo. Kullum na ga kina waya da Baba kina cewa babu komai sai karatu, sai in ji ni ne na mayar da ke maƙaryaciya. Na san na yi laifi da ban gaya miki ba. Na ji tsoron za ki hana ni ne."

"Da na hana ka mana!"

"Shi ya sa."

Gwaggo ta kusa yin dariya, ta danne.

"Babanki ne ya ce in zo in ga mutumin da idona. Na je wajen aikinsa ranar da kike ɗakin karatu, na tambayi mai gidan da yake haya, yau kuma na ce ya biyo mu nan in ji ta bakinsa nesa da idonki. Wannan duk mai sauƙi ne." Ta ajiye cokali, muryarta ta sauya. "Abin da ya fi damun yayana ba yaron ba ne. Ke ce. Wata huɗu, duk ranar da za ki kira sai ya yi wanka ya zauna da waya a hannu, ya ce mini, 'Yau za ta faɗa mini da bakinta.' Ki gama zancen sanyi da karatu ki kashe. Sai ya ce, 'Wataƙila sati mai zuwa.'"

Na kifa kaina a kan tebur. Duk zargin da na kwashe kwanaki ina yi wa mutane, ashe ni ce abar zargin.

"Su Yaya sun sani?"

"Ko ɗaya. Ya ce sirrin 'yarsa ne, ba zai fasa ba sai ta fasa."

Na fita waje da wayata, na tsaya jikin ƙarfen da ya raba titi da teku. Ƙara ɗaya ya ɗauka.

"Autata. Ya taron?"

"Baba..." Kuka ya ci ƙarfina. "Baba, na karya alkawari. Akwai wanda nake so. Shekara guda ke nan. Ka yafe mini."

Sai na ji yana jan hanci.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ni na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki. Tsoron bakin yayyenki ne ya sa, ba rashin yarda da ke ba. Amma Auta, ko me kika yi a duniya, ni ne ubanki. Kar in sake jin labarinki a bakin wani."

"Ba za ka sake ba, Baba."

"Saura wata nawa ki gama?"

"Bakwai."

"To ki gama. Ranar da kika dawo da takardarki, ni da kaina zan tara yayyenki in gaya musu na ba da ke. Ba ni gwaggonki in ji sakamako."

Na koma ciki na miƙa mata wayar. Dogo yana tsaye, gumi na tsatstsafo masa a goshi duk da sanyin garin. Gwaggo ta kalle shi sama da ƙasa, ta ja lokaci da gangan, sannan ta kara wayar a kunne.

"Yaya, na gan shi. Yana da kunya, yana da sana'a, kuma ya iya jure masifar 'yarka." Ta riƙo hannuna ta matse. "Ka ba shi."